Ranar da Shanu Suka Shiga Intabiyu

Ban taɓa buga ƙwallo ba a rayuwata, in ban da sau ɗaya a firamare da aka sa ni gola saboda ba ni da gudu. Duk da haka ni aka naɗa sakataren kwamitin da zai zaɓi mataimakin kocin ƙwallon ƙafa na kwalejinmu a Potiskum, 'yan shekaru bayan an yanko mana jihar Yobe. Dalili biyu ne. Rubutuna yana karantuwa, kuma ni ke riƙe da makullin ɗakin kimiyya, inda agogon auna gudu guda ɗaya tilo na makarantar yake kwance cikin akwatinsa.

Mu uku ne a kwamitin. Akwai mataimakin shugaban kwaleji, wanda muke kira Yallaɓai, mutum mai son a gama komai kafin magariba ko da duniya za a raba. Akwai Koci, dattijo, wanda gwiwarsa ta hagu ta riga shi yin ritaya, don ita ma ake neman mataimakin. Sai ni da birona.

Daga sama aka aiko mana da fom. Ya raba maki gida uku: takardun shaida, iya bayani a gaban kwamiti, sai gwaji a fili, wanda shi ya kwashe rabin makin. Kowane mai nema za a ba shi 'yan ƙwallon kwaleji na minti ashirin ya koyar da su. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa wanda bai kammala darasinsa cikin lokaci ba a zaftare masa maki goma. Ni mutum ne mai son fom. A wancan zamanin in ka ba ni takarda mai layi da gurabe, ka gama da ni, sai na cike ta tsaf hankalina yake kwanciya.

Mutum uku suka nema, amma ɗaya kowa ya san shi. Ɗalibai na kiransa Mai Fili. Leburan wucin gadi ne, shekara goma sha ɗaya yana kula da filin ƙwallo ba a tabbatar da shi ba. Iyayensa makiyaya ne da suka zauna a gari bayan shanunsu sun ƙare, shi kuwa ya yi karatun malanta har ya samu takarda a zaman jarrabawa na biyu. Shi ke zuba layi da toka, shi ke tsince tsidau da hannu kafin wasa, shi ke wa ƙwallo faci idan ƙaya ta huda ta. Tun da gwiwar Koci ta ƙi, shi ke fitar da yara atisaye, Koci na zaune a gindin darbejiya yana busa usur idan ya tuna. Wato dai aikin da muka taru mu nemi mai yi, shi yake yinsa, sunan ne kawai babu.

Wannan kuma ita ce damarsa ta ƙarshe. Fom ya ce ba a ɗaukar wanda ya kai shekara talatin da biyar, shi kuwa takardar shekarunsa ta kotu za ta cika talatin da biyar kafin kaka. Mutane sun ba shi shawara ya koma kotu ya rantse da sababbin shekaru kamar yadda kowa ke yi. Ya ce ai ya riga ya rantse sau ɗaya. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma leburan wucin gadi ba shi da fansho, ranar da aka ce kada ya zo gobe shi ke nan.

Ni na sa ranar ganawa. Na duba jadawalina na ga ba ni da aji ranar Talata da yamma, na rubuta Talata. A Potiskum aka haife ni, na san Laraba ake cin kara, wato kasuwar shanu, na kuma san tun yammacin Talata garkuna ke gangarowa ta bayan kwalejinmu, wadda ba ta da katanga ta wajen gabas. Sanin ne bai zo mini ba a lokacin. Mai Fili ya karɓi wasiƙarsa da hannu biyu, ya karanta, ya ɗan jima yana kallon kalmar Talata, sannan ya ce Allah ya kai mu.

Mai nema na farko ya zo cikin babbar riga ɗinkin hannu, da wasiƙa daga wani babban mutum. Koci ya tambaye shi mutum nawa ke buga ƙwallo a kowane ɓangare. Ya ce ya danganta da girman filin. Yallaɓai ya rubuta wani abu a takardarsa, daga baya na leƙa na ga zanen mota ne. Da aka ce akwai gwaji a fili, sai mutumin ya tuna yana da ɗaurin aure a Mamudo, ya yi mana sallama cikin mutunci.

Na biyu saurayi ne Kirista daga Filato, ya kwana a mota ya iso da safe. Ya zo da rigar wasanni sabuwa da fayil ɗin takardu, har da ta wata makarantar koyon horar da 'yan wasa a kudu. Ya zauna daram, ya kalli kowa ido cikin ido, ya miƙe ya zana mana tsarin 'yan baya da 'yan tsakiya a allo. Ni ban fahimci komai ba, saboda haka na ba shi maki mai yawa. Koci ya tambaye shi abin da zai yi idan ƙwallo ta fashe ana tsakiyar atisaye.

"Sai a kawo wata, ranka ya daɗe," in ji shi.

Ƙwallo biyu gare mu a duk kwalejin, ɗayar kuma faci ya fi fatar yawa.

Da Mai Fili ya shigo, a bakin ƙofa ya tuɓe takalmi. Muka nuna masa kujera, ya tsuguna a gefenta. Sai da Yallaɓai ya ce umarni ne sannan ya ɗosana a bakinta, kansa a ƙasa. Na tambaye shi, kamar yadda fom ya ce, wace nasara ya taɓa samu a harkar wasanni. Kowa a ɗakin ya san shekara biyu a jere yaranmu ke cin kofin makarantun yankin, kuma kowa ya san aikin wane ne.

"Ai Baba Koci ne," in ji shi. "Mu dai muna gefe."

"Kai fa, me ka iya?"

"To, Malam, abin da aka sa ni."

Koci ya yi tsaki ya juyar da kai. Amma da ya jefa masa tambayar ƙwallon da ta fashe, sai bakin ya buɗe. Ya yi bayanin yadda ake raba yara gida huɗu su ci gaba da gudu da tsalle ba ƙwallo, shi kuma ya yi faci cikin minti biyar, da inda tsidau ya fi yawa a filin, da dalilin da ya sa ake juya atisaye zuwa ragar yamma idan an yi ruwa. Duk wannan ƙafar tebur yake faɗa wa. A fom, a gurbin tsayawa gaban kwamiti, na ba shi maki kaɗan, don gaskiya bai tsaya ba.

Bayan la'asar muka fita fili. An yi ruwan farko kwana biyu da suka wuce, ƙasa ta yi laushi. Ɗan Filato ne zai fara, kuma nan na ga abin da ban rubuta a ko'ina ba. Mai Fili ya miƙa masa ƙwallo mai lafiyar, ya ajiye wa kansa mai facin. Ya ba shi ɓangaren da ya share da safe. Saurayin ya fara ba da umarni da Turanci mai sauri, yaran suka tsaya suna kallon Mai Fili. Shi kuwa yana can gefe kamar mai gyaran layi, yana fassara musu ƙasa-ƙasa, yana zare wa masu dariya ido. Minti ashirin ɗin suka tafi sumul, saurayin ya kammala saura daƙiƙa arba'in.

Na ja Mai Fili gefe na ce, "Kai, ka san dai takara kuke yi ko?"

Ya dube ni da mamaki. "Malam, baƙo ne fa. A bar yara su kunyata shi a filinmu?"

Sai nasa lokacin. Na danna agogo. Mutumin da ya kasa ɗaga kai a ofis ya tsaya tsakiyar fili ya kira suna uku, yara ashirin suka watsu kowa ya kama wurinsa. Ba ihu, ba dogon bayani. Ƙwallo mai faci ta riƙa yawo daga ƙafa zuwa ƙafa ba ta tsayawa. Ya tsayar da wasa sau ɗaya, ya gyara wa wani yadda yake dasa ƙafar hagu, yaron ya sake bugawa ta shige raga. Ni da ban san ƙwallo ba na gane ina kallon wanda ya iya. Ɗan Filato ma ya matso ya naɗe hannu yana gyaɗa kai.

Ana minti na goma sha ɗaya shanu suka ɓullo ta gabas. Garke ne babba, farare masu dogon ƙaho, da makiyaya biyu a bayansu, sun miƙo tsakiyar fili za su yanke hanya zuwa kara. Wasu daga cikin yaran suka sunkuya neman duwatsu. Bara waccan haka aka yi, aka jefi saniya, makiyayi ya fasa wa ɗalibi kai da sanda, sai da 'yan sanda suka shigo maganar. Tun daga ranar Mai Fili ne ke tarar shanu duk Talata.

Ya daka wa yaran tsawa suka zubar da duwatsun. Ya kalli shanun, ya kalle ni, ya kalli agogon da ke hannuna. Sannan ya ajiye usur a kan ciyawa ya nufi gabas da sassarfa. Muna jiyo shi yana gaisawa da makiyayan da Fulatanci. Gaisuwar kuwa ba a gajarta ta, sai an tambayi gida da yara da shanu da hanya, in ba haka ba ba wanda zai saurare ka. Ya karɓi sandar ɗayansu, ya shiga gaban garken, ya karkata su a hankali ta bayan ɗakunan kwana.

Koci ya matso kusa da kunnena. "Malam, wannan agogon naka ba shi da birki ne?"

Yana da shi. Maɓalli ne ɗan ƙarami a sama, babban yatsana ma a kansa yake. Na ce fom bai ce a tsayar ba. Yallaɓai ya duba rana ya ce a bi abin da takarda ta ce. Mai Fili na dawowa, ya sunkuya zai ɗauki usur, na danna maɓallin. Minti tara cif shanun suka ci.

"Lokaci ya cika," na ce.

"To, Malam," in ji shi. Ya juya ya fara kwashe duwatsun da yaran suka zubar, kada wani ya taka.

A ofis na haɗa maki. Koci ya ba shi kusan duk abin da ake iya bayarwa a fili, Yallaɓai ma bai yi rowa ba. Mai Fili na gaba da maki shida. Sai na zo kan ƙananan baƙaƙen, na cire goma, ya koma baya da huɗu. Koci ya ƙi sa hannu har sai da aka kira sallar magariba, sannan ya sa, ya fita yana jan ƙafa bai yi mini sallama ba. Ni a ranar ban ji na yi laifi ba. Na ma ji daɗin yadda lissafin ya fita ba gogewa ko ɗaya, kuma wannan jin daɗin shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

Ɗan Filato ya kama aiki farkon wata. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Mai Fili ne ya samo masa ɗaki a unguwar Dogo Tebo, ya ɗauko masa akwati daga tasha a bayan kekensa. Kaka ta zo, takardar kotu ta cika talatin da biyar, ba wanda ya tayar da maganar.

Wata Talata da yamma, bayan an sauya jadawali, na fito da ɗalibaina bakin fili muna auna gudun sauti, agogon na rataye a wuyana. Sabon mataimaki yana atisaye sai ga shanu ta gabas. Ya ruga yana busa musu usur da dukan ƙarfinsa, shanun ko kunne ba su kaɗa ba. Ya tsaya, ya waiwayo, yara ashirin ma suka waiwayo. Mai Fili ya ajiye kwanon tokarsa ya tafi. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da hanya, garken ya karkata ta bayan ɗakunan kwana, atisaye ya ci gaba.

Ta gabana ya biyo da zai koma kan layinsa. Ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi iyali. Sai idonsa ya sauka kan agogon. Ba fushi a fuskarsa, da akwai da ya fi mini sauƙi. Tambaya ce ta mai son ya san ko ya ƙware.

"Malam, yau minti nawa na yi?"