Lamba Ɗaya da Taubashina Ya Sauya

Shekarar da na dawo Funtua daga karatun kwamfuta a Zariya, wata ƙungiyar manoman auduga da masara ta ɗauki mutum biyu gwaji, ni da taubashina. Tun ranar farko Alhaji shugaban ƙungiyar ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: kujera ɗaya ce, bayan kaka kwamiti zai zauna ya zaɓi mai riƙe ta. Ina son kujerar nan kamar raina. Babanmu ya rasu, ni kuma na gaji da zaman tsakar gida ina tsintar wake, takardar digiri tana kwance a ƙasan akwati.

Taubashin nan ɗan kawuna ne, wan Inna ciki ɗaya. A danginmu ɗan namiji shi ne ubangida, 'yar mace baiwa, don haka tun ina rarrafe "baiwata" yake kirana. Ya taɓa zuba mini ƙaiƙayi a wuyan riga. Ya taɓa ɓoye mini takalmi ranar jarrabawa. Duk sanda na kai ƙara amsar ɗaya ce: wasan taubashi ne, ba a fushi.

Babbar kwamfuta guda ɗaya ƙungiyar take da ita. A cikinta na ƙirƙiri ƙananan kwamfutoci, irin waɗanda ba su da gangar jiki, manhaja ce zalla amma suna aiki tamkar na gaske. Ɗaya ta kayan sito ce, ɗaya kuma ta bayanan manoma: gonakinsu, irin da suka karɓa, hoton yatsunsu, tun daga mutanen Tsiga har na Gozaki. Wannan dole a kulle ta. Makullin kuwa a wata 'yar ƙwayar tsaro yake zama, wadda ba ta sakinsa sai ta tabbatar kwamfutar da ta sani ce ta tashi. Tunda kwamfutar ba ta da jiki, ita ma ƙwayar ta manhaja na yi mata.

Yin ƙwayar bai ba ni wahala ba. Gabatar da ita ne ya kusa furfurar da ni. Idan irin wannan kwamfuta za ta tashi, akwai wata manhajar tayarwa da ke riga kowa farkawa, ita kuma ba ta lalube. Jadawali ake miƙa mata, a rubuta a ciki: ga abin da kike da shi, ga nau'insa, ga adireshinsa, ga yadda ake masa magana. Kamar baƙon da aka sauke a gida ne, ɗakin da ba a nuna masa ba ba zai buɗe ba. Ƙwayar tana iya zama lafiya lau tana jira, amma in jadawalin bai ambace ta daidai ba, a wajen manhajar babu ita.

Damina guda na yi ina fama da wannan jadawali. In gyara adireshi, nau'in ya ƙi. In gyara nau'in, wuta ta ɗauke, a tsaya jiran janareto. Ranar da kwamfutar ta tashi ta ga ƙwayar, ta karɓi makulli ta buɗe da kanta, saura kaɗan in rangaɗa guɗa a ofishin mutane. Taubashina yana teburinsa yana cin gasasshiyar masara. Ba daƙiƙi ba ne, ya iya jan waya, ya iya gyaran firinta, bakinsa kuma zuma ne a gaban manoma. Amma wannan ɓangaren bai taɓa leƙa shi ba.

Ya ce, "Baiwata, mene ne na murna haka? Nuna wa ubangidanki."

Na nuna masa. Na buɗe jadawalin, na ɗora yatsa a kan layin adireshin, na ce lamba ɗaya ta kuskure a nan, shi ke nan ƙwayar ta ɓace. Ya gyaɗa kai yana tauna, ya ce Allah ya ƙara ilimi.

Kwamiti ya zauna da hantsi, lokacin da motocin auduga suka cika titin. Dattawa ne da manyan riguna, wasu daga Malumfashi suka taso. Aka ce in fara. Na kunna kwamfutar bayanan manoma ina ta bayani da fara'a, sai allo ya tsaya. Maimakon ta buɗe, sai ta ce ba ta ga ƙwayar tsaro ba, a ba ta doguwar lambar ceto.

Na sake tayar da ita. Haka. Na duba ƙwayar, tana aiki. Jadawalin kuwa jiya-jiya na gwada shi, shi ne wuri na ƙarshe da zan zarga. Lambar ceton tana gidan Alhaji a Malumfashi, ni da kaina na ba shi ajiya. Da na faɗi haka sai ya dube ni ya ce, "Wato in tashi in je Malumfashi in dawo, su kuma su zauna suna kallonki?"

Wani dattijo ya tambaya ko bayanan gonarsa sun salwanta ke nan. Na ce a'a, a ba ni ɗan lokaci.

Taubashina ya bar ni na daɗe a haka. Ina ganinsa ta gefen ido ya harɗe hannu. Sai da aka fara gyaran murya ana kallon agogo, sannan ya miƙe a hankali ya ce, "Alhaji, a yi mata afuwa, yarinya ce. Matsa, baiwata." Ya zauna a kujerata, ya buɗe jadawalin kai tsaye ba tare da ya duba ko'ina ba, ya je layin adireshin, ya mayar da lamba ɗaya. Kwamfuta ta tashi ta buɗe. Dattawa suka ɗauki kabbara.

A lokacin na gane. Wanda bai nemi abu ba ya same shi, ai shi ya ajiye shi. Na ce, "Kai ka taɓa shi." Ya yi dariya, ya juya ga kwamiti ya ce, "Kun ji ta ko? Taubashiyata ce." Su ma suka yi dariya, irin ta manya masu jin daɗin zumunci. Kafin azahar aka ba shi kujerar.

A cikin keke-napep na yi kukana, na share fuska kafin in shiga gida. Ashe ya riga ni. Yana zaune a tabarmar Inna yana ba ta labari, bai ma ɓoye komai ba. Har kwaikwayon yadda na roƙi a ba ni ɗan lokaci ya yi. Inna tana dariya tana cewa, "Kai dai Allah ya shirye ka." Na ce, "Inna, aikina fa ya ƙwace." Ta ce, "Ke, rufa mana baki. Aikin ai bai bar gida ba. Ya za a yi a ce 'yata ce ta fara riƙe taubashi a zuci?" Wannan dariyar ta Inna ta fi abin da ya yi mini ciwo, har yau ban daina jin ta ba.

Da damina ta zagayo aka sabunta manhajar babbar kwamfutar, tsarin jadawalin ya sauya, ƙwayar ta ɓace da gaske, ana tsakiyar rabon iri. Lamba ɗayar da ya sani ba ta yi masa rana ba. Bai kira ni ba, Inna ya kira. Da ta ce in je in gyara masa, na ce ba inda za ni. Ta ce, "In ni na haife ki, za ki je. Ɗan wana ba zai ji kunya a garin nan ba kina zaune."

Na je. Manoma sun cika baranda da buhunansu. Na zauna na sake rubuta wa ƙwayar tsaron nau'inta da adireshinta a jadawalin, yana tsaye a kaina yana cewa yawwa, nan, nan, kamar shi ke nuna mini. Da ta buɗe sai ga Alhaji ya leƙo ya ce, "Af, ba wannan ce ta rikice mana bara ba?"

Taubashina ya ce, "Ita ce, Alhaji. Ina koya mata ne a hankali. In an tsaya a kanta tana ɗan taɓawa."

Alhaji ya yi dariya, manoman bakin ƙofa suka taya shi. Sai aka juyo ana dubana, ana jira a ga ko ni 'yar mutunci ce. Na yi dariyar.