Malam Yahuza na Layin 'Yan Italiya

Ƙarfe bakwai Malam Yahuza yake buɗe shago. Ya share, ya jera taliya kala talatin, ya ja labule ya rufe lungun da ake rataye naman alade, inda shekara goma sha ɗaya bai taɓa sa hannu ba. Shagon na wata tsohuwa ne 'yar Italiya, a ɗan layin da mutanenta suke da kantuna huɗu: na burodi, na cuku, na man zaitun, sai nata. Yadda aka yi Bazazzage ya faɗo nan, wallahi har yau ban gane ba.

Ni korona ce ta kai ni. Mahaifiyata, Inna Daso, ta zo mana jego nan ƙasar waje, a unguwarmu ta Taman Melati, aka kulle gari da ita. Garin tuwonta ya ƙare, mai kawo mana kaya daga gida shiru. Shinkafar nan kuwa ta ce ƙamshinta tashin zuciya yake sa ta. Kwana tara sai shayi, har zani yana zame mata. Tsoro ya kama ni, kada in binne uwata a ƙasar mutane.

Doka ta ce maigida kaɗai zai fita cefane, ni da ko albasa ban taɓa saya ba. Wani ya yi mini kwatancen layin. Na shiga shagon na daskare. Rubutu ko'ina, ba wanda na iya karantawa.

"Malam, tuwo kake nema ko?" Malam Yahuza ne, da Hausa tsantsa ta bayan takunkumin fuska.

"Ya aka yi ka sani?"

"Kai ne na shida yau. Duk haka kuke tsayawa."

Na gaya masa halin da Inna take ciki. Ya miƙo mini garin masara rawaya, wai shi polenta. Ya ce shi ne tuwon 'yan Italiya.

"Turawa? Tuwo? Haba Malam!"

"Kira mini Inna kawai."

Ta waya ya gaishe ta har da rusunawa, ya ce garin yana da tsaki, ta jiƙa shi tukuna. Ya ƙara mini da busasshiyar kuɓewar da ya shanya wa kansa a baranda. Ran nan malmala biyu Inna ta tashi da su, tana tambayata ko Italiya kusa da Bichi take. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Kai ne, Yahuza, ka riƙa juya mana kowace kwalba kana cewa wannan da giya, ajiye. Kai ne ka ciyar da gidajenmu daga unguwar Wangsa Maju har ta Kampung Baru, ba wanda ya san ko fuskarka.

Yanzu tsohuwa ta sayar da shagon, ƙarshen wata za ka koma Zariya. Mun gode, gatan baƙi, Allah ya saka. Ku kuma 'yan'uwa, in kun ga naku ya tsaya ya rasa ta yi, ku fara yi masa magana. Inna tana Kano da ranta, ta ce in ka sauka ka biya, ita ma za ta tuƙa maka.