Hayaƙin Motar Eufrosina

A unguwarmu ta Iztapalapa kowa ya san Don Chencho Olvera bai yarda da kowa ba. Shekara talatin da huɗu yana kanikanci a ɗan garejin da ya gada wurin ubansa, ni kuma teburin da nake sayar da taco, wato wainar masara mai nama a ciki, yana jingine da bangonsa, don haka babu abin da yake wuce ni. In ka kawo masa mota ka ce jiya ta fara ƙara, sai ya ce, "Jiya ta fara, ko jiya ka fara ji?" Fulogi sabo fil a kwali ma sai ya shinshina. Bai taɓa aure ba. Yayarsa Eufrosina takan ce ko an kai shi coci, sai ya nemi a nuna masa takardun amarya.

Ita Eufrosina furanni take saro wa daga lambunan Xochimilco a wata tsohuwar akori-kura. Da injin ya buga, Chencho ya samo mata wani wanda ya fi na da girma, ya ɗora da hannunsa, ya yanke bututun salansa ya yi masa walda har ya zauna. Sannan ya kira Abundio, mai saita ƙwaƙwalwar mota da kwamfuta, ya daidaita mata shan mai. Mota ta tashi kamar sabuwa.

Wurin gwajin hayaƙi aka samu matsala. In an taka totur, lafiya lau. Da an ɗage ƙafa an bar ta a silo, sai na'ura ta nuna hayaƙinta ya wuce ƙa'ida. Suka hana takardar izinin hawa titi, ga bikin tunawa da mamata saura kwana tara, lokacin da furanni suka fi tafiya.

"Na'urarsu ce," in ji Chencho. "So suke a sunna musu wani abu."

Ya kai ta wani wurin gwajin, sakamako ɗaya. Ya ce ai bakinsu ɗaya. Ya zuƙe fetur ɗin tankin kakaf, wai gidan mai sun gauraya shi. Ya canza fulogai. Daga nan ya juyo kan yayarsa.

"Yaya, tsakaninki da Allah, wa kika ba motar nan?"

"Na ba uwarka! Kai da ka riƙe makullin tun ranar Litinin?"

Saura Abundio. Chencho ya sa aka kira shi, ya tare shi tun daga bakin ƙofa. "Me ka cusa wa motar nan? Don in riƙa kiranka kullum, ko?"

Abundio ya wuce wurin motar. Ya jona kwamfutarsa, ya ta da motar, ya juyo da fuskar kwamfutar wajen Chencho. "Duba nan, maigida. Sensar da ke jikin salansa, mai auna iska, tana jin iska ta yi yawa, sai ƙwaƙwalwar ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ta ƙara. A guje ba ya nunawa, sai a silo. Iska na shiga ta wani wuri kafin sensar. Wa ya yi waldar?"

"Fita mini daga gareji."

Washegari da safe, ina jera kaya, Chencho ya leƙo. "Kai, Nicanor, zo ka riƙe mini wani abu." Ya ba ni tsumma ya ce in toshe bakin salansa. Ya shafa ruwan sabulu a bututun tun injin bai yi zafi ba, ya ta da mota, ya shige ƙasa. Ina jin wani ɗan siririn fito. Da na sunkuya, sai ga kumfa tana tasowa daidai kan waldarsa, ta wata 'yar kafa da allura ma da ƙyar za ta shiga.

Ya daɗe a kwance yana kallonta.

"Ƙarafan waldar yanzu," ya fara, sai ya fasa. Ya fito yana goge hannu. "A'a. Ni ne. Ban gan ta ba, Nicanor. Sau uku ina duba wurin nan."

Ranar ya sake waldar, ya sa ni na duba masa da idona. Ya taka da ƙafa har shagon Abundio. Ban san abin da ya faɗa masa ba, amma tare suka dawo, Abundio ya sake saitin. Ranar Juma'a motar ta ci gwaji. Eufrosina ta kwashi furanninta sawu biyar kafin biki, kuma duk wanda ya saya sai ya ji labarin waldar.

Ita ce ta tasa shi gaba zuwa wurin likitan ido. Ya dawo ya zauna a bencina da takarda a hannu, ya ce in zuba masa taco guda uku, ban da albasa.

"Me likita ya ce?"

"Wai yanar ido ce ta fara rufe na hagu." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Amma na lura shagon tabarau ɗin da ke ƙasan benen asibitin, sunansa ɗaya da na likitan. Gobe zan je wani wurin."