Dutsen Dakta a Diddigen Gwaggo

Mahjar zuwa Khumra

Ƙarfe biyar saura kwata na tada mota daga Mahjar, unguwarmu a nan Jidda. Ni direba ne na Dakta Hamza, mai binciken halittun teku, mutumin da zai kalli dutse awa guda bai gaji ba. A Khumra muka karya da wake da gurasa, ya yi mini bayani. An jawo wani tsohon jirgin kaya daga wani teku, an fito da shi tudu, ga murjanin dutse manne a gindinsa. In baƙo ne, zai iya yaɗuwa ya danne na gida, kuma jibi za a mayar da jirgin cikin ruwa.

"Yaya ake gane baƙo?" na ce.

"Ƙananan ramukan jikinsa. Layukan ciki ake ƙirgawa."

Bakin teku

Bakwai da rabi masu gadi suka duba takardunmu. Izinin gutsure ɗaya tak aka bayar. Dakta ya ɓamɓaro busasshe ya damƙa mini.

"Wanke shi, ka kawo ofis da la'asar. In ya lalace, halas, tamu ta ƙare, ni da kai."

Sharafiyya

Da azahar na ratse gidan Gwaggo Rakiya, ƙanwar babana, don ba na wuce tuwonta. Na wanke dutsen, na bar shi a bayi ya tsane. Na ci, na kishingiɗa. Can sai na ji ƙarar gurza.

Na zabura. Gwaggo ta fito, diddigenta na sheƙi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. A ina ka samo dutsen kaushi haka?"

Gefe guda na dutsen ya yi sumul, ɗayan ne ya tsira. Sai da na yi rantsuwa uku ta sakar mini.

"Wallahi ba na nan ba ne," ta ce. "Shekara arba'in ina goga da na Jidda, ba ya ci haka."

Ofis, sannan gida

Dakta ya kifa kai a madubin bincike har magariba, ni kuwa ina ta salati a zuci. Ya ɗago ya ce da alama baƙo ne, zai rubuta a dakatar da jirgin. Sannan ya juya dutsen.

"Wa ya taɓa nan?"

"Wata babbar masaniya," na ce. "Tun azahar ta gama."

Takwas na isa Mahjar da aikina a hannu, na gode wa Allah. Gwaggo kuma ta aiko: kafin a kankare jirgin, a ajiye mata biyu.