Hanyar Fitar Baba Ɗanladi

Har yau ranar da na kai wa Alhaji Sabi'u zanen gidansa ba ta fita a raina ba. Lokacin ina babban mai zane a ofishinmu na Jos, shi kuma ya sayi fili a bayan Gada Biyu, gangaren dutse ne wanda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sauka.

Ga yadda aikin yake: safiyo ya auna tudu da kwari, mu zana, mai gida ya amince, sannan a kai wa hukuma ta sa hannu. Da yake titi yana sama, sai na sa gareji da falon baƙi daidai da titi, ɗakunan iyali a ƙasa, na haɗa su da matakala mai murɗewa kamar katantanwa. Alhaji ya ga hotonta a waya, ya nace sai ita, ni ma kuwa ta burge ni.

Mahaifinsa, Baba Ɗanladi, tsohon ma'aikacin haƙar kuza, yana gefe a zaune. Na nuna masa ɗakinsa a ƙasa, inda sanyin Jos ba zai dame shi ba. Ya daɗe yana bin matakalar da yatsa, sannan ya ce, "Yaro, ta ina makarata za ta fita?"

Alhaji ya ɓata rai. "Haba Baba, ana maganar sabon gida?"

"Shi ya sa na tambaya yanzu. Ba na so a tsayar da ni a tsaye kamar katifa."

Na auna a gabansu. Makara ba ta lanƙwasa, ba za ta juya a wannan matakala ba. Alhaji ya ƙi rabuwa da katantanwarsa, ni ma na ƙi kai zanen gaba haka. Muka yi ta ja, har ya fara kirana Oga Taurin Kai. A ƙarshe na fitar da wata hanya mai faɗi daga ƙofar Baba, ta bi jikin dutsen a hankali har titi, babu matakala ko ɗaya.

Da aka gama ginin, ta nan Baba ya riƙa zuwa masallaci da sandarsa. Daminar bara ya rasu, ina cikin waɗanda suka ɗauke shi. Muka hau da shi a kwance, ba mu karkata shi ba. A bakin titi Alhaji ya riƙe hannuna, hawaye suka zubo mini.

Ku matasa masu zane, duk mai gida shiga yake tunani. Ku ne za ku tuna masa da fita.