Dubiya ta Kan Katanga

Shekarar da ƙyanda ta shigo unguwarmu a Malumfashi, 'yata tana wata bakwai. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ba za a yi mata allurar rigakafi ba sai ta cika wata tara, kuma kariyar da ta samo daga jikina ta fara raguwa. Na kasa zama wuri ɗaya.

Sai ɗan maƙwabciyata ya kamu. A wurinmu ƙin zuwa dubiya laifi ne babba. Na dama kunun tsamiya, na taka turmi, na miƙa mata ta kan katanga.

Ta ce, "Amarya, ƙofar ce ta ɓace miki?"

"Yi haƙuri, Yaya, goyona ba a yi mata allura ba."

Ta karɓa ba godiya. Kullum nakan duba bayan kunnen yarinyar, ko ƙuraje sun feso. Ranar da aka yi allurar, gidan maƙwabciyar na fara shiga, ta ƙofa.