Baba Mai Naɗi da Layi na Uku

Da hantsin ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, Wanda ya ba mu aron Baba Mai Naɗi ya karɓi abinsa, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun farkon shekara.

Baba, ni ne kafintan da ke jikin shagonka. Ba zan manta ranar da aka sauke mini injin feren katako ba. Sai a lokacin na gane wuta mai layi uku yake ci, unguwarmu kuwa layi ɗaya gare ta. Na zauna a kansa na yi tagumi. Ka leƙo, ka yi dariya har da riƙe ciki, sannan ka ce, "Tashi, ɗana. Layi na uku ai haifarsa ake yi."

Ka jawo wata tsohuwar motar lantarki, irin mai juya inji, daga ƙarƙashin bencinka, ka sake mata naɗin wayar cikinta, ka kafe ta a kan taya don kada ta yi rawa, ka jera mata kwandansa, 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta, cikin akwatin ƙarfe. Ba bel a jikinta, ba ta jan komai. Juyi kawai take yi, juyin nan kuwa shi ke samar da layin da muka rasa. Ka laƙaba mata Malalaciya. Ka koya mini ladabinta: a naɗa igiya a fizga, a ba ta wuta, a saurara har kukanta ya daidaita, sannan a kunna injin. Mai gaggawa ya sha faɗa, ni ma na sha nawa. Ban taɓa ganin mutum mai son ƙarfe da mutane irinka ba.

Ana gobe za ka rasu, Malalaciya ta kama gurnani, injin ya ƙi tashi. Ga aikin mutane jibge, da shagon nan iyalina ke ci, kuma ba wanda ya san cikinta sai kai. Na buga wa Inna, matarka, ina jin nauyi. Ashe kana ji. Da ƙyar muryarka ke fita, ka ce, "Kara wayar a jikinta."

Ka saurara, ka daɗe.

"Ba ta mutu ba. Kwandansar tsakiya ce ta gaji. Amma kada ka kai hannu sai ka zubar da wutar da ke cikinta. Ka ji ni, ɗana?"

Washegari na canza kwandansar, na fizgi igiya, kuka ya daidaita. Ko shago ban rufe ba na nufi gidanka in yi maka albishir. Na tarar da takalman mutane cike da ƙofar ɗakinka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Inna, Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'ya da jikoki, da mu da ya bari cikin kewa.

Baba, ban samu faɗa maka ba. Ta tashi.